Lakar ƙasan ruwa da neman sababbin magunguna: daga teku zuwa Gaya, da matsalar kalmomi a hausa

Taƙaitawa

Wannan maƙala tana bayani a kan wani fannin bincike da ya bunƙasa tun daga shekarun 1990, wato neman sababbin sinadarai, musamman na magani, a wajen bakteriyar da ke zaune cikin lakar ƙasan teku. Za mu duba yadda aikin ya faro daga ƙasar tudu, da abin da ya sa masana suka juya zuwa teku, da abin da suka samo can. Daga nan za mu dawo yankin Gaya, cikin jihar Doso, inda babu teku amma akwai lakar kogi da ƙasa mai gishiri. A ƙarshe za mu nuna cewa kalmar da muka saba da ita, wato «ƙwayoyin cuta», tana hana a fahimci wannan ilimi, mu kuma ba da shawarar abin da ya dace a yi amfani da shi.

1. Gabatarwa

Mai wannan rubutu malamin harshe ne, ba masanin kimiyyar halittu ba, saboda haka ya kamata a faɗi abin da ya kawo shi ga laka. A cikin wani darasi na fassara mun ba ɗalibai wata ƴar jimla ta faransanci mai cewa ana samun yawancin magungunan kashe cuta daga bakteriyar cikin ƙasa. Kusan dukkansu suka mayar da ita haka: «Ana samun yawancin magungunan kashe ƙwayoyin cuta daga ƙwayoyin cuta na cikin ƙasa.» Ta fuskar nahawu jimlar ba ta da aibi. Amma duk Bahaushen da ya ji ta zai ɗauka ana gaya masa cewa daga cuta ake haƙo magani, abin da mawallafin asali bai nufa ba ko kaɗan.

Don a gyara wannan jimla sai da muka koma muka karanci abin da take magana a kai. Abin da muka fahimta shi ne muke gabatarwa a nan ga malamai da ɗalibai masu nazari, da fatan masana fannin za su gyara mana inda muka karkace.

Maganar ba ta aji kaɗai ba ce. Wani babban bincike da mujallar The Lancet ta buga a 2022 ya ƙiyasta cewa a shekara ta 2019 mutum miliyan 1 da dubu 270 suka mutu a duniya saboda cututtukan da suka daina jin magani, kuma yankin da abin ya fi tsanani shi ne Afirka ta Yamma, inda aka sami mutuwa kimanin 27 a cikin kowane mutum dubu 100. Ashe ke nan mu ne muka fi kowa buƙatar sabon magani, kuma mu ne ya fi kamata mu iya yin zancensa da harshenmu.

2. Su wane ne mazauna laka?

A cikin giram ɗaya na ƙasa mai kyau ana iya samun bakteriya da yawanta ya kai biliyan ko fiye. Mafi yawansu ba ruwansu da jikin ɗan Adam. Aikinsu shi ne ruɓar da ganye da itace da gawar dabbobi, su mayar da su taki. A cikinsu akwai wani dangi da ake kira aktinomiset, waɗanda suka bambanta da sauran ta wajen sifa, domin ba ɗiga-ɗiga suke ba, suna miƙewa ne kamar siraran zare, suna yin rassa a tsakanin ɓurɓushin ƙasa. Zuriyar da ta fi shahara a cikin wannan dangi ita ce Streptomyces.

Kowa ya san su ba tare da ya gan su ba. Ƙamshin da ke tashi sa'ad da ruwan farko ya sauka a busasshiyar ƙasa, babban ɓangarensa wani sinadari ne da suke fitarwa mai suna jiyosmin, wanda Gerber da Lechevalier suka ware suka ba suna a 1965. Shi ne kuma yake ba tarwaɗa da sauran kifin tabki ɗanɗanon laka.

Me ya sa waɗannan halittu suke harhaɗa sinadarai masu kisa? Aktinomiset ba ya tafiya. Inda ya tsiro nan yake ci, nan maƙwabta suke tarar da shi. Idan abinci ya fara ƙarewa sai ya narkar da wani sashe na zarensa, ya yi amfani da shi wajen gina iri, wato ƴan ƙwanƙwasai masu jure fari da zafi da za su jira wata damina. A daidai wannan lokaci ne yake zubo sinadaran da ke hana sauran halittu kusantar abin da ya narkar. Masana sun raba sinadaran jikin halitta gida biyu: waɗanda ba ta rayuwa sai da su, da waɗanda take yi don kariya ko farmaki ko isar da saƙo. Na biyun ne ake nema, su ne kuma ake nufi da «sinadaran halitta» a cikin wannan maƙala.

3. Zamanin ƙasar tudu

Fenisilin, wanda Alexander Fleming ya lura da shi a 1928, daga fumfuna ya fito. Amma tun daga 1943, shekarar da Albert Schatz da Selman Waksman suka samo sitreftomaisin daga Streptomyces griseus a Jami'ar Rutgers ta Amurka, hankali ya koma ga bakteriyar ƙasa. Sitreftomaisin shi ne magani na farko da ya yi tasiri a kan tarin fuka. Kamfanoni suka shiga tattaro ƙasa daga ko'ina cikin duniya, ta hannun ma'aikatansu da matafiya da ƴan mishan.

Jerin abin da aka samu ya yi kama da taswira. Kuloramfenikol ya fito a 1947 daga ƙasar wata gona a Benezuwela. Eritromaisin daga ƙasar da likita Abelardo Aguilar ya aiko daga Iloilo ta Filifin a 1949. Bankomaisin daga ƙasar tsibirin Borniyo a farkon shekarun 1950. Rifamaisin, uwar rifamfisin da ake ba masu tarin fuka da kuturta, daga ƙasar wani daji kusa da Saint-Raphaël a kudancin Faransa a 1957. Afirka ma ta ba da nata: akarboz, maganin ciwon suga, yana fitowa ne daga wani aktinomiset da aka samo kusa da Ruiru a Kenya. Ana ƙiyasin cewa kusan kashi biyu cikin uku na magungunan kashe bakteriya masu asali daga halitta, wannan dangi ne ya samar da su.

Misalin da ya fi kusa da mu shi ne na ibermektin. A farkon shekarun 1970 Satoshi Omura, na Cibiyar Kitasato a Tokiyo, ya ware wani Streptomyces daga ƙasar da aka ɗebo kusa da wani filin wasan golf a lardin Shizuoka na Japan. William Campbell da abokan aikinsa a kamfanin Merck suka gano cewa sinadarinsa yana kashe tsutsotsin jikin dabbobi. Daga baya aka ga yana maganin makantar kogi, cutar da wani ɗan baƙin ƙuda mai hayayyafa a ruwa mai gudu yake yaɗawa, wadda ta sa aka yi ƙaura daga ƙauyuka masu albarkar noma a bakin koguna. Nijar da Binin suna cikin ƙasashe 7 da aka fara shirin yaƙi da wannan cuta da su a 1974. A 1987 kamfanin ya yi alkawarin ba da maganin kyauta. A Nijar an fara da feshin kashe ƙudan, daga baya rabon ibermektin don yaƙi da tundurmi ya ƙarasa aikin. A watan Janairu na 2025 Hukumar Lafiya ta Duniya ta tabbatar da cewa Nijar ta katse yaɗuwar makantar kogi, ita ce kuma ƙasa ta farko a Afirka da ta kai wannan matsayi. Omura da Campbell sun sami lambar Nobel a 2015. Wato dai tafin hannu ɗaya na ƙasar Japan yana da rabo a cikin lafiyar idon mutanen bakin kogin Isa.

4. Abin da ya sa aka juya zuwa teku

Daga ƙarshen shekarun 1960 rijiyar ta fara ja baya. Duk ƙasar da aka ɗebo aka shuka, sai a sake samun sitreftomaisin ko tetrasaikilin ko wani da aka riga aka sani. Dalili shi ne bakteriyar da ke saurin tsira a ɗakin gwaji kusan iri ɗaya ne a ko'ina, kuma su ne suke rufe sauran. Kamfanoni da yawa suka rage wannan aiki. A halin nan kuwa cututtuka suna ta koyon jure wa magungunan da ke hannu.

Masana suka yi tunani kamar haka: halittar da ke zaune a wurin da ya bambanta, tana fama da abokan gaba na dabam, ba mamaki makamanta ma su zama na dabam. Teku ta rufe kimanin kashi 71 cikin 100 na bayan duniya. Kowace lita ta ruwanta tana ɗauke da gishiri kimanin giram 35. A ƙasanta akwai laka da ta daɗe tana taruwa, cikin sanyi da duhu da nauyin ruwa.

Sai dai an daɗe ana gardama a kan wata tambaya da ta shafi koguna irin namu. Tun da wuri an san cewa idan aka shuka lakar teku aktinomiset yakan tsiro. Amma masana da yawa sun ɗauka baƙi ne, wato irin bakteriyar tudu ne da ruwan sama ya wanke, koguna suka kai teku, ya kwanta can yana barci. Idan haka ne, babu amfanin shiga jirgi a je nema, domin abin da ke tudu shi ne ke can. Wannan zato ba na banza ba ne. Kogin Isa, wanda ake kira Kwara a Nijeriya, yana da tsawon kimanin kilomita 4,200, kuma jar ƙasar da yake ɗauka a damina ya wuce da ita ta gaban Gaya, wani sashenta madatsar Kainji take tarewa, wani kuma yakan ƙarasa har bakin teku.

Paul Jensen da William Fenical, na Cibiyar Scripps ta nazarin teku a Kalifoniya, su ne suka warware gardamar. A 1991 suka ba da labarin wasu aktinomiset daga lakar tsibiran Bahamas waɗanda ba sa tsira idan aka maye ruwan teku da ruwa marar gishiri. Halittar da ba ta iya rayuwa sai a ruwan gishiri ba za a ce daga tudu ta gangaro ba. A 2005 aka yi musu rajista a matsayin sabuwar zuriya mai suna Salinispora. An kuma same su a lakar tekuna masu ɗumi a sassa da dama na duniya.

5. Yadda ake aikin, da abin da aka samo

A dunƙule aikin yana bin matakai biyar. Da farko a ɗebo laka, ta hannun mai nutso inda ruwa ba zurfi, ko da wata na'ura mai kama da cokali da ake zurawa da igiya. Na biyu a busar da ita ko a ɗan ɗumama ta, don a kashe bakteriya masu saurin tsira, a bar irin aktinomiset mai juriya. Na uku a shafa ta a kan faranti mai ɗauke da abinci daskararre da aka haɗa da ruwan teku, a jira makonni. Na huɗu a ɗauki kowane tsiro shi kaɗai a yi renonsa a cikin kwalba, a tace ruwan, a ɗiga shi a kan farantin da aka shuka cuta. Idan aka ga fili ya buɗe kewaye da ɗigon, inda cutar ta kasa tsira, to akwai wani abu a ciki. Na biyar, wanda ya fi tsada, shi ne a ware sinadarin daga ɗaruruwan da yake cakuɗe da su, a gano sifarsa.

A 2003 ƙungiyar Fenical ta ba da sanarwar salinosforamid A, daga Salinispora tropica. Wannan sinadari yana tsayar da wata ƴar ma'aikata ta cikin tantanin jiki mai suna furotiyazom, wadda aikinta shi ne niƙe tsofaffin furotin. Tantanin ciwon daji, saboda saurin hayayyafarsa, ya fi na lafiya dogara da ita. A jikin sinadarin akwai kulorin, wanda bakteriyar take ɗaukowa daga gishirin teku, kuma yana cikin abin da ke ba shi ƙarfi. A ƙarƙashin sunan marizomib aka gwada shi a jikin mutane. Wajibi ne a faɗi ƙarshen labarin: babban gwajin da aka yi a kan masu wani mugun ciwon daji na ƙwaƙwalwa, su fiye da 700, bai nuna cewa ya ƙara musu tsawon rai ba. Tsakanin farantin gwaji da kantin magani akwai tafiyar shekaru goma ko ashirin, kuma yawancin sinadarai a hanya suke faɗuwa.

Akwai wasu. A 2004 masanan Jamus suka samo abisomaisin C daga wani aktinomiset na lakar tekun Japan, a zurfin mita 289. A 2013 aka ba da labarin antrasimaisin, daga lakar gaɓar Kalifoniya, wanda a gwaji ya kashe bakteriyar cutar antraks da wata sitafilokok mai taurin kai.

Abin da ya fi waɗannan sunaye muhimmanci shi ne abin da karatun kundin gado ya bayyana. A 2002 aka karance dukkan gadon Streptomyces coelicolor, bakteriyar da aka shekara arba'in ana nazari, sai aka tarar tana da tsarin harhaɗa sinadarai fiye da 20, alhali ƴan kaɗan aka sani. A 2007 aka ga cewa kimanin kashi 10 cikin 100 na gadon Salinispora tropica na wannan aiki ne. Ma'ana, bakteriya tana ɓoye yawancin makamanta idan tana cikin kwalba, inda babu yunwa babu abokin gaba. Bugu da ƙari, an daɗe da sanin cewa abin da ke yarda ya tsira a faranti bai fi kashi 1 cikin 100 na mazauna ƙasa ba. A 2015 Kim Lewis da Slava Epstein, na Boston, suka yi dabarar renon bakteriya a cikin wani ɗan akwati mai ƙofofi da ake mayarwa a binne a cikin ƙasar da aka ɗebo su, suka samo taiksobaktin daga ƙasar wani fili a jihar Maine. Darasin a nan shi ne ƙasar tudu ma ba ta ƙare ba, dabarar nema ce ta tsufa.

6. Gaya: kogi, fadama da gishirin Foga

Gaya tana a kusurwar kudu ta Nijar, kimanin kilomita 300 daga Yamai. Malanbil ta Binin tana tsallaken kogi, Kamba ta jihar Kabi a Nijeriya tana gabas. Yankin shi ne ya fi ko'ina samun ruwan sama a ƙasar, wajen milimita 800 a shekara. Teku mafi kusa tana Kwatano, ɗaruruwan kilomitoci a kudu. To mene ne ruwan Gaya da wannan bincike?

Abin da ya kai masana teku shi ne neman wurin zama da ya sha bamban, wanda ba a tone shi ba. Irin waɗannan wurare akwai uku a yankin.

Na farko shi ne lakar kogi da ta fadamun da yake malala. Kogin yana cika sau biyu a shekara: cikar damina mai jan ruwa, daga ruwan da ya sauka a yankin, da cikar lokacin sanyi mai ruwa garai-garai, wadda ta taso tun daga duwatsun Gini. Tsakanin cika da janyewa, laka ɗaya takan kasance ƙarƙashin ruwa babu iska, sannan ta bushe ta tsattsage a zafin bazara. Halittar da ke jure wa wannan juyi dole tana da dabarunta. Fadamun wannan sashe na kogi suna cikin wuraren da aka yi wa rajista a ƙarƙashin yarjejeniyar Ramsar a 2001.

Na biyu shi ne kwarin Dallol Mauri, mai dazuzzukan giginya da tafkuna, wanda shi ma ya shiga rajistar a 2004.

Na uku, wanda ya fi kama da teku, shi ne Dallol Foga. A can ruwan ƙarƙashin ƙasa mai gishiri yana tasowa kusa da sama, rana ta shanye shi, gishirin ya rage a kan ƙasa. Masu sana'ar, yawancinsu mata, sukan kankare wannan ƙasa, su zuba ta a matata, su kwarara ruwa, su dafa abin da ya tsiyayo har ya zama gishiri. Matafiyi Heinrich Barth ya ratsa kwarin a 1853, a hanyarsa daga Gwandu zuwa Sayi, ya kuma bayyana wannan aiki. Gishirin Foga ya daɗe yana shiga kasuwannin Kabi da Borgu da Nufe, kamar yadda kanwar Dallol Boso take yi. A kimiyyance, ƙasa mai gishiri ko kanwa gida ce ta bakteriya masu son gishiri da masu son kanwa. A tafkunan kanwa na Kenya, irin su Bogoriya, an samo bakteriyar da sinadaransu suka shiga masana'antar sabulun wanki da ta sarrafa yadi.

A nan sai a yi hattara da wani kuskure mai daɗin faɗa. Gaskiya ne cewa miliyoyin shekaru da suka wuce teku ta taɓa shimfiɗuwa a kan babban sashe na yammacin Nijar, burbushin halittun ruwa da ake tonowa shi ne shaida. Amma wannan ba hujja ba ce ta cewa bakteriyar Foga jikokin na waccan teku ne. Kamannin da ke tsakaninsu na yanayin zama ne.

Matakai huɗu na farko da muka lissafa ba su fi ƙarfin ɗakin gwaji na jami'a ba. Ƙasar tana da Jami'ar Abdu Mumuni a Yamai, da Jami'ar Doso da aka kafa a 2014, da cibiyoyi irin su INRAN da CERMES. Mataki na biyar ne yake buƙatar na'urori masu tsada, a nan ne kuma samfuri yakan bar gida.

7. Matsalar kalmomi

Bari mu dawo ga jimlar ɗalibanmu. Tushen matsalar ita ce kalmar «ƙwaya», wadda ta ɗauki kaya fiye da ƙarfinta. A dubi waɗannan misalai:

(1) ƙwayar hatsi
(2) ƙwayar ido
(3) ƙwayar magani
(4) ƙwayar cuta
(5) ƙwayar halitta
(6) ɗan ƙwaya

Ma'anar asali ita ce ta (1), wato abu ƙarami, dunƙulalle, guda ɗaya. Daga nan ta yaɗu. A (5) ma wasu marubuta suna nufin tantanin jiki, wasu suna nufin abin da ke ɗauke da gado. Idan muka bi wannan hanya sai mu ce ƙwayar ƙasa ce take yin ƙwayar da ke kashe ƙwaya, kuma babu mai fahimta.

Misali na (4) ya shiga bakin jama'a ta hanyar ma'aikatan lafiya da rediyo, waɗanda burinsu shi ne a wanke hannu a tafasa ruwa. Don wannan buƙata kalmar ta yi aiki. Illarta ita ce ta ɗaure halittar da cuta a cikin suna ɗaya, har ba a iya ambaton ɗaya ban da ɗaya. Kalmar «mikrob» da ta shigo daga faransanci ita ma haka ta kasance a bakin mutane, ba a jin ta sai a zancen ƙazanta.

Alhali kuwa Bahaushe ya daɗe yana aiki da waɗannan halittu. Bacillus subtilis ce take mayar da kalwa daddawa. Wasu bakteriya ne suke mayar da madara nono, su tsamama gasara. Wasu kuma masu son toka su ne suke sa baba ya narke a cikin karofi har ya kama zane. Da ma an ce ruwa ba ya tsami banza. Harshen yana da kalmomin aikin, irin su ruɓa da tsima da tsami da kumbura. Sunan mai aikin ne babu.

Shawararmu ita ce a bambanta matakai uku. «Ƙananan halittu» ya zama sunan gaba ɗaya na duk abin da ido ba ya gani sai da madubin likita. «Bakteriya» ya zama sunan wannan rukuni, a are shi kamar yadda faransanci da larabci suka ara. A bar «ƙwayar cuta» ga wadda take kawo cuta kawai. Ta haka jimlar ɗalibai za ta koma: «Yawancin magungunan kashe ƙwayoyin cuta, bakteriyar cikin ƙasa ce take harhaɗa su.»

Ta wajen ƙasa kuwa hausa ba ta da talauci. Akwai laka, da taɓo mai kama ƙafa, da yumɓu na maginan tukwane, da caɓi, da yashi, da rairayi, da turɓaya. Don fassara abin da faransanci yake kira sédiment mun zaɓi «lakar ƙasan ruwa», ko «lakar ƙasan teku» idan ta teku ce. A Gaya, inda ake jin dandanci da zabarmanci da fulatanci da cangawanci tare da hausa, tattara sunayen da masunta da manoman shinkafa da masu gishiri suke ba ire-iren ƙasa aiki ne da ɗalibin harshe zai iya yi, kuma zai amfani mai ɗibar samfuri, domin wanda ya ba ƙasa suna ya riga ya lura da launinta da warinta da lokacin da take canzawa.

8. Kammalawa

Saura tambayar haƙƙi. Abelardo Aguilar ya nemi a ba shi rabo daga eritromaisin, ya rasu bai samu ba. A 2004 hukumar kula da namun daji ta Kenya ta tayar da maganar ribar da aka ci daga bakteriyar tafkunanta. Irin waɗannan ƙorafe-ƙorafe ne suka sa aka ƙulla yarjejeniyar Riyo a 1992, da ta Nagoya a 2010, wadda ta fara aiki a 2014, Nijar kuma tana cikin ƙasashen da suka amince da ita. Yarjejeniyar Nagoya ta tanadi cewa kafin a ɗebi albarkatun halitta sai an sami izini bisa cikakken bayani, an kuma daidaita a kan rabon amfani. A 2023 Majalisar Ɗinkin Duniya ta amince da wata yarjejeniyar a kan halittun tsakiyar teku, inda ba mallakar kowace ƙasa ba ce, kuma ƙasashe marasa gaɓar teku suna cikin waɗanda aka tanadar wa rabo.

Sharaɗin «cikakken bayani» shi ne inda aikin masanin harshe yake. Idan wata rana mai bincike ya tsaya gaban sarkin ruwa ko matan Foga ya ce ya zo ɗibar «ƙwayoyin cuta» daga ƙasarsu, ɗayan biyu ne zai faru. Ko su tsorata su hana, ko su ce ya kwashe su huta da ƙazanta. A duka biyun ba su san abin da ake tambayarsu ba, kuma iznin da aka samu ta haka bai cika sharaɗin ba. Saboda haka muke kira ga abokan aiki na sashen kimiyya da na sashen harsuna da su zauna tare a kan ƙaramin ƙamus na wannan fanni, a gwada kalmomin a bakin masu magana a Gaya da kewayenta kafin a buga su.